Wai rashin aikin yi ya ragu? Ƙanina na son tahowa Legas, me zan ce masa?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a ba ni amsar gaskiya, ban da zolaya. Ƙanina ya gama bautar ƙasa wata bakwai ke nan, yana da babbar difloma a fannin lantarki, yana zaune a Funtuwa ba abin da yake yi sai taya abokai zaman shago. Kullum sai ya kira: Yaya, in taho? Shekaranjiya har ya turo min wani labari, wai hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce marasa aikin yi a Najeriya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ya ce in haka ne, ai a Legas aiki ne ma zai riƙa neman mutum. Ni kuwa shekarata 14 a nan, ɗakin da nake haya mu huɗu ne a ciki, biyu daga ciki sai su kwana uku ba su samu abin fita ba. Idona ne ke yaudarata, ko lissafin ne da gyara? In ce ya zo ko ya zauna?

DanMile12:
Wa alaikumus salam. Kashi 5? Su zo kasuwar Mile 12 da asubar fari su ga yadda mutum talatin ke rububin motar tumatir ɗaya. Da can sai an roƙi 'yan dako, yanzu kafin direba ya kashe mota an rufe ta kamar ƙuda a kan mangwaro.

MalamIdi_IdiAraba:
Malam Sani, idonka lafiyarsa ƙalau, kuma lissafin ma ba ƙarya aka yi ba. Ma'aunin ne aka sauya. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3 ne marasa aiki a ƙasa, jihar Legas kuma kashi 37 da 'yan kai. A wancan tsari, duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Wanda ya yi tsakanin awa 20 zuwa 39 ana cewa aikinsa bai ishe shi ba. Sai a 2023 suka koma tsarin ƙungiyar ƙwadago ta duniya: in ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don neman kuɗi, kai ma'aikaci ne. Nan take adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Ya hau 5.3 a farkon 2024, ya sauko 4.3 a zango na biyu na shekarar. Wato ɗan ɗakinka da ya yi dakon buhu biyu ranar Talata ya kwanta har Lahadi, a littafinsu yana da aiki. Akwai ma wani sharaɗi: kafin a kira ka marar aiki sai kana nema kuma a shirye kake ka fara. Wanda ya gaji ya daina nema ba ya cikin lissafin kwata-kwata.

DanMile12:
Ashe ni ma attajiri ne ban sani ba. Allah ya saka, Malam.

Kwamared_Ojo:
Wannan ai wasa da hankalin talaka ne. Ka kasa rage yunwa sai ka rage girman kwano.

MalamIdi_IdiAraba:
Kwamared, ni ba kare su nake ba, amma ka karanta rahoton har ƙasa. Su da kansu sun rubuta cewa sama da kashi 90 na masu aikin suna ayyukan da ba su da rajista ko tsayayyen albashi, kuma mafi yawa kansu suke yi wa aiki. Wannan layin shi ya fi ba ni tsoro fiye da 33 ɗin. A ƙasar da ba a biyan kowa alawus don ya rasa aiki, wa zai iya zama hannu biyu har mako guda? Sai ɗan mai hali. Shi ya sa ma a lissafin masu ilimin gaba da sakandare suka fi marasa boko yawan rashin aiki, don su ne ke jiran ofis.

BabanWalid:
Ni ban iya lissafi ba, abin da ya same ni zan faɗa. Shekara tara ina acaɓa tsakanin Ikeja da Ogba. Da babur ɗin nan na yi aure, da shi na rufa ɗaki biyu a garinmu. A Fabrairun 2020 aka hana acaɓa da Keke Marwa a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland. Muka ɗan lafa, abin ya yi sanyi, muka dawo. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka sake kafa dokar da ƙarfinta, a Satumba aka ƙara Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Babura sama da dubu biyu aka niƙe a makon farko, kowa ya gani a talabijin. Nawa ya tafi wata ranar Alhamis, saura biya uku in gama biyan mai shi. Na sauke wata mata da kayan miya, ina ba ta canji, sai na ji an zare makulli ta bayana. Hular kwanon na hannuna, da ita na taka har Agege a ƙafa, ban ma san ina riƙe da ita ba sai da na isa masallaci zan yi alwala. Tana nan rataye a ƙusa har yau. Yanzu gadi nake a wani gida, naira dubu 45 a wata, ba hutu. Ranar kasuwa mai kyau a kan babur nakan haɗa abin da ya kai na mako guda a gadin nan. A takarda ina da aiki a da, ina da aiki yanzu. Ka ga ba abin da ya sauya ke nan.

Ummu_Hanan:
Allah ya mayar da alheri, Baban Walid. Wallahi har na ji ƙwalla.

BabanWalid:
Amin, na gode ƙanwata. Gadin ma ba tabbas. Manyan unguwanni sun koma ɗaukar kamfanonin tsaro masu inifom, sai kana da takardar sakandare da masu tsaya maka mutum biyu. Dattijon da ya yi shekara 20 a ƙofar gida ɗaya sai a wayi gari a ce ya kwashe tabarmarsa.

Baba_TsohonMasaƙa:
Yara, ku bar ni in sa baki. Na shigo Ikko a 1984, lokacin ana kiran nan Kurmi a ji tsoro. A zamaninmu in ka sauka daga jirgin ƙasa a Iddo, mako biyu ya yi yawa ba ka samu masaƙa ko kamfani ba. Ikeja, Isolo, Ilupeju, Ikorodu, ko'ina inji ke kuka dare da rana. Ƙarfe shida na safe jiniya za ta busa, masu kwana su fito da auduga a gashin kai, mu kuma mu shiga. Akwai katin asibiti, akwai kuɗin hutu, ƙarshen shekara a ba ka yadi. Masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na Kaduna suka mutu. Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Yau ka bi wasu titunan, wurin da injuna suke ya zama coci ko ɗakin biki ko rumbun ajiye kayan waje. Abin da nake so ku gane, rashin aikin nan ba jiya ya fara ba. Abin da ya rufa asiri shi ne acaɓa da dako da tireda suka shanye mutanen da masana'antu suka amayar. Yanzu su ma an matse su.

Alh_Garba_Canji:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kuma fitar ba ta tsaya ba. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa a 2023, kamfanin kayan masarufi na P&G ya ce ya daina sarrafa kaya a nan zai koma shigowa da su, Kimberly-Clark mai yin kunzugun jarirai na Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a 2024, shekara biyu kacal da buɗe ta. Duk maganar ɗaya ce, dala da wuta da mai. Mutane na kallon ma'aikatan ciki kawai, ba sa kallon mai shayin bakin ƙofa da mai abinci da direban da ke kwasar kaya. Mu ma 'yan canji bai bar mu ba, a Maris na 2024 babban banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da dubu huɗu. Yaran da ke tsayawa bakin titi suna kiran kwastoma don ɗan kamasho, rabinsu sun watse.

Kwamared_Ojo:
Alhaji ku faɗi tushen abin mana. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Wa ya zaɓo mana wannan? Wasu a zauren nan har rawa suka yi.

DirebanTanka_Apapa:
Kai Kwamared, duk manyan 'yan takarar shugaban ƙasan nan uku sun ce za su cire. Naka ma ya faɗa. Bar wannan.

Kwamared_Ojo:
Faɗa daban, yi ba shiri daban.

ShugabanZaure:
Jama'a, siyasa na da ranarta. Bawan Allah ya yi tambaya kan ƙaninsa. A koma kanta, in ba haka ba zan fara goge saƙo.

Injiniya_Ajah:
To bari in ɗan saɓa wa dattawa, da neman afuwa. Malam Sani ya ce yaron lantarki ya karanta, kowa ya tsallake wannan. Ni aikin sola da wayarin nake yi daga Ajah zuwa Ibeju. Tun da aka mayar da kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ga dizal ya fi ƙarfin mutane, ban taɓa zama mako guda ba aiki ba. Matsalata ma samun yaron da ya iya. Masu kwali suna zuwa, in ka miƙa musu mita ka ce auna min batirin nan sai su tsaya suna kallonka. Ku duba masu ɗora tayil da filasta a manyan gine-ginen Lekki, da yawa daga Kwatano da Togo aka ɗauko su, alhali namu na zaune. Aiki bai ƙare a Legas ba, ƙaura ya yi. Ya bar Ikeja da Isolo ya koma gabas, inda matatar Dangote take da tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, ga kuma titin gabar teku da aka fara a 2024. Tambayata ɗaya: yaron ya iya aiki da hannunsa, ko allo kawai ya sani?

DirebanTanka_Apapa:
Injiniya ya faɗi rabi. Gini kan ci hannu da yawa, amma in an gama gini sai a nemi ƙwararru kaɗan. Lebura ba ya gadon wurin da ya gina. Kuma ka je ƙarƙashin gadar Ajah da ƙarfe shida na safe ka gani. Mutane jere da shebur da diga da kwanon kankare, kowa ya ɗaure takalmin roba da leda. Mota ta tsaya, mai gini ya leƙo ya ce mutum biyar, hamsin su taso. Kafin ya buɗe baki su da kansu sun karya farashi. Ƙarfe goma in ba a ɗauke ka ba, ka ci bashin mai shayi ka koma kango ka kwanta.

Injiniya_Ajah:
Ai shi ya sa na ce hannu mai sana'a. Ban ce ya zo ya riƙe shebur ba.

Ummu_Hanan:
Ni kuma bari in yi maganar masu kwali, don da alama an mayar da mu abin dariya. Digirina na tattalin arziki, a nan Legas aka haife ni, Yarbanci kamar ruwa, don haka kada a ce yare ne ya hana ni. Shekara uku ina tura takardu. Sau ɗaya wani da ya ce shi ejan ne ya karɓi dubu 15 na fom da gwajin lafiya, muka je ofishin ranar intabiyu muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mu wajen arba'in. Wata makarantar kuɗi ta ce za ta ba ni dubu 40, na lissafa kuɗin mota daga gidanmu ya cinye 28. Na haƙura na sayi POS. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 an samu, ba ƙarya. Yanzu a layinmu kaɗai lema bakwai ce, har da mai kanti da mai kemis kowa da injinsa, muna rabon naira ɗari-ɗari. Malam Idi, ni ma ina cikin masu aikin, ko?

MalamIdi_IdiAraba:
Kina ciki dumu-dumu, Malama. Har ma kina cikin masu kamfanin kansu.

Hajiya_Obalende:
Sani ɗana, saurare ni. Shekara 26 ina sayar da tuwo a nan. Ni ba na buƙatar rediyo ta gaya min halin gari, littafin bashina ya ishe ni. Da mutum zai ce malmala biyu da nama biyu. Sai aka koma ba nama. Yanzu sai yaro ya zo ya ce Hajiya malmala ɗaya, a cika miya, a rubuta. Kuma ba zauna-gari-banza ba ne, da ƙurar siminti a jikinsu suke zuwa. 'Yan aikina shida ne, yanzu uku, ba don na ƙi su ba. Kullum sai wata ta yi sallama tana neman ko wanke-wanke ne, har da masu Turanci tas. Ka ce wa ƙaninka ya zauna kusa da mahaifiyarku. A gida ko ba komai ba ya biyan kuɗin wanka da na bayan gida. Ya kama noma, abinci ke da daraja yanzu.

DanFaskari:
Hajiya, Allah ya ja kwana, wace gonar? Ni ba son Legas ya kawo ni ba. Gonarmu ta gado na nan, shekara huɗu ba wanda ya taka ta, sai ka biya 'yan daji kafin ka shuka, ka sake biya kafin ka girbe, kuma ba tabbas ka dawo. Funtuwar ma cike take da mutanenmu da suka gudo. Da ci-rani ake zuwa, ruwa na sauka a koma. Yanzu wanda ya zo ya zo ke nan. Wannan ne ya sa kuke ganin hannu ya yi yawa a Mile 12, ba wai tumatir ne ya ragu ba.

DanMile12:
Ka faɗi gaskiya. A da daga watan biyar kasuwa kan yi sako-sako, sai mu da muka zauna mu ci kasuwarmu. Shekarun nan damina da rani duk ɗaya.

Hajiya_Obalende:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Na ji, ɗana. Amma dai cikin garin Funtuwa ba daji ba ne.

Alh_Garba_Canji:
Af, ba a Funtuwar aka buɗe tashar tsandauri ba a 2024? Ya gwada can mana tukuna.

Sani_Agege:
Ya kai takarda wurare da dama a can, Alhaji, shiru. Injiniya, game da tambayarka: tun yana sakandare yake bin wani mai wayarin, shi ya yi wayarin gidanmu gaba ɗaya, kuma yana gyaran fanka da injin niƙa. Sola ce dai bai taɓa haɗawa ba sai a takarda. Abin da ke damuna wurin kwana. Mai gida ya ƙara kuɗin haya a bana, ya kuma ce in ya sake ganin baƙuwar fuska zai ba mu notis.

Ummu_Hanan:
In ya zo ya yi rajistar zama ɗan jiha ta LASRRA da wuri. Asusun samar da aiki na jihar, LSETF, da aka kafa a 2016, yana ba da rance da horon sana'a, kuma suna tambayar katin. Mutanenmu ba sa nema, sai a ce ai na 'yan gari ne, alhali ko fom ba a cika ba.

Kwamared_Ojo:
Ke kin cika?

Ummu_Hanan:
Ban cika ba, rance nake tsoro. Amma shi horo zai nema, ba kuɗi ba.

MalamIdi_IdiAraba:
Ƙari kaɗan kan maganar albashi, don kada yaron ya ji a rediyo ya sake ruɗewa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne tun Yulin 2024, Legas ta ce za ta biya ma'aikatanta dubu 85. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mai gadi, yaron shago, malamar ƙaramar makaranta, duk ba ruwan dokar da su. Baban Walid shaida ne.

BabanWalid:
Ni da na ji sanarwar har na gaya wa maigidan. Ya yi dariya ya ce in je gwamna ya ɗauke ni.

Baba_TsohonMasaƙa:
Sani, ni ba zan ce ya zo ko kada ya zo ba. Ni ma da aka hana ni tahowa ban ji ba. Amma in zai zo, ya zo wurin mutum, kada ya zo wurin gari. Kuma ka riƙe masa kuɗin motar komawa a hannunka, kada ka ba shi.

Injiniya_Ajah:
To ga abin da zan iya. Ya zo in gwada shi mako biyu. Ba albashi a ciki, abinci da kuɗin mota kawai, kuma akwai kwantena a wurin aikin da yarana ke kwana, don haka mai gidanka ba zai gan shi ba. In hannunsa ya yi, mu yi magana. In bai yi ba zan faɗa maka ba kunya. Ya bar kwalin a jaka, ya zo da takalmi mai rufi, kwanon rufi da rana ba ya wasa.

Hajiya_Obalende:
Kwantena! Yaro da iliminsa. Ni dai ban goyi baya ba, kuma ku rubuta na faɗa.

DanFaskari:
Injiniya, ba wurin mutum biyu? Ni ban yi boko ba amma ina hawa sama ba tsoro.

Injiniya_Ajah:
Ɗaya tukuna, ɗan'uwa. Turo min lambarka ta gefe, wani lokaci nakan nemi masu ɗaga farantin sola.

Sani_Agege:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kira shi yanzu na karanta masa komai, har da na Hajiya da na direbanmu. Ya yi shiru, sai ya ce wai nawa ne takalmin a Legas, ko ya saya a can. Na ce sai na yi magana da Inna tukuna, don ita ba ta ma san ana wannan shawara ba.

DanMile12:
Ya saya a can, nan an ninka. Kuma in Inna ta yarda ka yi min magana, akwai motar albasa da ke tasowa ta Funtuwa, direban mutumina ne, zai sa shi a gaba.